Walimar Ruhaina da Nisan Kwazar

A unguwar Nima, in ɗalibi ya gama karatu, ba ya zama mai ilimi sai malaminsa na farko ya yi masa tambaya a bainar jama'a, ya ɗora masa hannu a ka, ya ja Fatiha. Da ma don masu saukar Alƙur'ani ake yi, amma Hajiya Amama ta ce atafau sai an yi wa 'yarta Ruhaina, wadda ta dawo daga Afirka ta Kudu da digirin dokta a ilimin taurari. Aka tare layi da rumfunan kanofi bayan la'asar, aka girka tuwon zafi, sobolo kuwa, wato zoɓo, har da na zubarwa. Mata suka zo tun daga unguwar Kotobabi.

Malamin shi ne Malam Ukasha, tsohon malamin fiziks, wanda ya fara nuna wa Ruhaina sama da madubin hangen nesa a kan rufin makaranta. Albarkarsa take so, wallahi fiye da takardar digirin. Sai dai Malam yana da wata aƙida da ya tsufa a kanta. Akwai wasu fitilu masu tsananin haske a sararin sama, kwazar, waɗanda haskensu ya karkata sosai zuwa ja. Yawancin masana sun ce wannan jan shaidar nisa ne marar misali. Malam ya ce ƙarya ne, kusa suke, gungun taurarin da ke maƙwabtaka da mu ne ya tofo su. Kuma duk wanda ya musa masa, to sun ɓata.

Kowa ya san ka'idar tambayar walima: malami ya faɗa, ɗalibi ya ce haka ne, a shafa. Ba wurin gardama ba ne.

Malam ya gyara zama, ya karɓi makirufo.

"Ɗiyata, faɗa wa mutanen nan. Jan hasken kwazar nisa ne, ko kuwa Turawa sun ruɗe?"

Kai, wannan tsoho da rigima yake! Duk tambayoyin duniya, sai wadda ta ƙare ƙuruciyarta tana aunawa. Ruhaina ta ji uwarta ta mintsine ta a baya.

"Ki ce haka ne kawai," in ji Hajiya a hankali. "Tauraro ne, ba zai kai ki ƙara ba kraa, ko kaɗan."

Ruhaina ta ji tsoro, ta kuma ji haushi. Ta durƙusa yadda ya kamata.

"Malam, Allah ya gafarta, nisa ne. Na auna da kaina. Kafin hasken ya iso mana, sai da ya ratsa ta cikin iskar wancan gungun taurarin, iskar ta bar masa tabo. Hasken abin da ke gaban gungun ba zai ratso ta cikinsa ba. Kwazar ɗin tana can baya, nesa ƙwarai."

Daga babban titi ana jiyo hon na turoturo, motocin haya.

"Turawan nan ne fa masu cewa sun kama wata mitsitsiyar ƙwaya, wai ita nutirino, ɗaya tal a ƙarƙashin ƙanƙara, wai sun san daga inda ta taso," in ji Malam. "Su kika bi, kika bar ni?"

"Ban bar ka ba, Malam. Abin da na gani na faɗa."

"Sake faɗa, ki gyara."

Mata suka fara salati. Liman ya yi gyaran murya, ya ɗaga hannuwa don a rufe zancen da addu'a, jama'a suka ɗaga nasu. Saura hannun Malam kawai ya sauka a kanta. Kalma biyu ta rage mata, kuma ta san su.

"Ba zan iya ba," ta ce.

Malam ya ajiye makirufo a tabarma, ya dafa sandarsa ya miƙe. Hajiya Amama ta fashe da kuka. Ruhaina ta riga shi zuwa bakin tabarma, ta ɗauko takalmansa, ta kakkaɓe su da gefen mayafinta, ta jera masa su a gaba. Hawaye na zuba a fuskarta, ba ta share ba.

Ya tsaya yana kallonta, yana jira.

"Tana nesa, Malam," ta ce.

Ya sa takalmansa ya tafi.