Tashar Baba a Kan Ƙyauren Kicin

Wata bakwai ke nan Baba yana kirana Malama. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya buge shi aka sallamo shi daga asibiti, ya ɗauka ni ɗaya ce daga cikin masu ba shi magani. In na kawo masa shayi sai ya gyara zama ya ce, "Sannu da aiki, Malama," da irin ladabin da ake yi wa baƙo. Ladabin nan shi ke ƙona mini rai, da zagi ne ma da na fi so. Mutumin da tun ina tatata yake ce mini Wutsiya, saboda duk inda Yaya ya sa ƙafa ina biye da shi kamar taragon ƙarshe, yau shi ke tambayata ko gidanmu da nisa. Ba na neman ya warke sarai, na san girma ya zo. So nake kawai ya sake kirana da sunan nan ko sau ɗaya.

Shekara talatin da huɗu ya yi a tashar kaya ta jirgin ƙasa. Ba direba ba ne, kada a ƙara masa girman da bai nema ba. Aikinsa rarraba taragai: wannan ya shiga layin sito, wancan ya koma layin kwal, a haɗa biyar a jere yadda takarda ta ce. Da tuta da usur yake aikinsa, sai ƙarfen da ake ja a karkatar da layi. Likita ta ce mu riƙa nuna masa abubuwan da hannunsa ya saba da su, wataƙila wani abu ya motsa. Ba ta ce mu gina masa tasha ba. Wannan shawarar Yaya ce, ina so kowa ya shaida.

Yaya mai gyaran rediyo ne, ni tela. A cikinmu babu wanda ya taɓa gina ko akurkin kaji. Wata Asabar ya shigo da akwati a kafaɗa, ya zazzage a kan gadon Baba: ɗan kan jirgi da bai wuce tafin hannu ba, taragai takwas, da guntayen layin dogo masu haɗuwa baki da baki.

"A ina za mu sa wannan?" na tambaye shi. "Ɗakin nan in ka yi miƙa sai ka taɓa bango biyu."

"Ai ba zagaye za mu yi ba," in ji shi. "Tashar Baba ma ba ta zagayawa. Layi ɗaya ya shigo, ya rabu uku, kowanne ya mutu a gaban sito. Gaba da baya ne kawai."

Muka auna da tef ɗina. Tsakanin kwaba da ƙofa akwai wurin da tsohon ƙyauren kicin, wanda aka cire bara, ya shiga kamar don shi aka yi. Muka kwantar da shi a kan ƙafafun kekunan ɗinkina biyu da suka mutu, muka tura shi jikin bango.

Tashar ta gaskiya an daɗe da share ta, manyan shaguna ne a wurin yanzu, kuma ko hoto ɗaya ba mu da shi. Amma ba mu damu ba, domin mun girma muna kallonta. Gidanmu na lokacin a hawa na uku yake, a wani dogon bene na haya, tagar ɗakinmu tana fuskantar tashar. Ni da Yaya a tagar nan muka ƙare ƙuruciyarmu, haɓa a kan hannu. Mun san gada tana dama, tankin ruwa yana hagu, sito uku a jere a can baya, ɗan ɗakin kwano na masu juya layi a tsakanin sito na biyu da na uku. Kan wannan ba mu yi musu ba. Kan sauran komai mun yi.

Ya ce tankin kore ne, na ce toka-toka. Ya ce tagogin sito shida ne, na ce takwas. Na yanka sito da kwalin biskit na yi musu fenti, rabi-rabi na yi su, fuska kawai ba baya, tunda bango ne zai gan su ta can. Yaya ya yi fitilun titi da tsinken laima, da ya kafa su sai ga fitila ta fi gini mai hawa biyu tsawo. Na yi dariya har da riƙe ciki. Washegari na ɗinka ɗan mutum mai tuta, na tsayar da shi a bakin ɗakin kwano, sai ga shi ya fi ƙofar da zai shiga girma sau biyu. Yaya ya dai ɗauke shi ya zaunar a kan rufin sito, ya ce nan ne kaɗai zai ishe shi.

Tsakuwar layi kuwa, yashi muka tankaɗe muka kwaɓa da gam. Gam ɗin ya bi ta ƙarƙashi ya liƙe wurin juya layi guda biyu, muka kwana uku muna ƙwaƙule shi da allura. Da aka zo wuta, mai gyaran rediyo na shekara ashirin ya haɗa waya, ya murɗa makunni zuwa gaba, jirgi ya tafi baya. Ya juya wayoyin, jirgi ya ƙi motsi, fitilun titi suka kama. Aikin da muka ce na mako biyu ne ya ci mana shida. Duk wannan lokacin Baba yana kujerarsa yana kallon bango, mun lulluɓe aikin da zanin gado duk sanda muka tashi, wai kada mu ɓata masa mamaki.

Ranar da muka yaye zanin, da hantsi ne. Muka jawo kujerarsa gaban teburin. Gada ga ta, tanki ga shi, kore a sama toka-toka a ƙasa don a zauna lafiya, har rubutun jikin sito na kwaikwaya. Baba ya duba daga dama zuwa hagu, ya dawo daga hagu zuwa dama.

"Wane gari ne wannan?" ya ce.

"Tasharka ce, Baba," in ji Yaya. "Ga gada, ga tanki."

"Ba ita ba ce."

Yaya ya tuƙo kan jirgin a hankali ya tsayar a gabansa. Baba ya miƙa hannunsa mai lafiya ya taɓa ɗan ƙarfen juya layi, na ga yatsunsa sun san abin. Ya ja shi. Ya ce, "Layin kwal." Yaya ya tura, tarago ya shige layin sito. Baba ya ɗaure fuska, ya sake ja, ya ce, "Sito." Tarago ya tafi layin kwal, ya bugi wanda ke can, biyu suka kife. Ya janye hannunsa ya ɓoye a cikin riga kamar wanda ya taɓa wuta.

"Malama," ya ce mini a hankali, "ki gaya musu ban taɓa kifar da tarago ba. Ban san abin da ya same ni ba."

Na fita kicin na yi kukana a gaban famfo. Mun je neman gyara mun ƙara ɓarna: da bai san mu ba ne kawai, yanzu mun sa shi yana shakkar aikin da ya fi iyawa a duniya.

Daga ranar wani sabon abu ya ɓullo wanda ya ƙara ɗaure mana kai. Da zarar an bar shi, sai ya lallaɓa ya tashi ya nufi ƙarshen teburin, ta wajen kwaba, yana ƙoƙarin cusa kafaɗarsa tsakanin teburin da bango, wurin da ko kyanwa sai ta yi dabara. Na ɗauka banɗaki yake nema ya ɓata hanya, na kai shi, ya tsaya yana kallona. Yaya ya ce a'a, so yake ya ture abin ya huta. Matar Yaya ta ce wataƙila sanyin bango yake so. Kwana huɗu muna janye shi muna zaunar da shi, yana cewa, "Ku bar ni, na makara," muna cewa, "To Baba, to."

A rana ta biyar Yaya ya zo da abin kwance ƙusa.

"Zan kwashe," ya ce. "Ni na kawo, ni zan fitar. Kan Baba ya riga ya tafi, ke ma ki haƙura ki karɓi Malamarki."

"Ba kai ake ce wa Malama ba, shi ya sa bakinka ya yi sauƙi."

"Ni mai gyaran fanka yake ce mini. Kin ga na mutu?"

Na jawo akwatin. Muka ƙirga taragai za mu mayar akwati, sai muka ga bakwai. Na leƙa ƙasa, na hango na takwas ya faɗa ta baya, can jikin bango. Muka kama teburin, shi ta can ni ta nan, muka jawo shi tsakiyar ɗaki. Na durƙusa zan shiga in ɗauko, sai na ga ƙafafun Baba sun riga ni.

Ya tsaya a bayan teburin, bango a bayansa. Ta wajen nan babu abin kallo, bayan kwali ne tsirara, da rubutun kamfanin biskit a kife, da wayoyi da busasshen gam. Kunya ta kama ni kamar an ga cikin rigar da ban yi wa shafi ba. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya dafa rufin ɗan ɗakin kwano, ya dubi hagu, ya dubi dama.

"Yawwa," ya ce. "Gada a hagu."

Yaya ya dube ni, na dube shi. Gada tana dama, mun sani, mun rantse a kai. A damarmu. Mu daga tagar gida muka san tashar, shi kuwa shekara talatin da huɗu a ɗaya gefen yake tsayawa, a bakin ɗakin kwano, sito a bayansa. Mun gina masa tasharmu ce, muka zaunar da shi a inda bai taɓa tsayawa ba, muka kuma toshe wurin aikinsa da bango.

"Direba," in ji Baba, muryarsa ta canza, "me kake jira?"

Yaya ya ajiye abin kwance ƙusa ya kama makunni.

"Ja uku gaba. Isa. Tsaya." Ya miƙa hannu ta kan sito ya ja ɗan ƙarfen. "Koma baya. A hankali, ba buhun auduga ba ne. Ajiye jan taragon a nan. Ja biyu."

Layin shigowa kan jirgi da tarago uku kawai yake ɗauka, abin da ya hana ni da Yaya jera ko huɗu yadda muke so, sai mu gaji mu ɗaga su da hannu. Baba bai ɗaga ko ɗaya ba. Gaba, baya, ajiye wannan, ɗauko wancan, cikin minti goma ga biyar a jere a dogon layi. Ya sa yatsu biyu a baki ya yi fito, tunda babu usur.

Daga nan ya ɗago kai ya dubi gefen da muke, ya ƙura wa bakin teburin ido, sai fuskarsa ta sake rikicewa.

"Ina gidan?"

"Wane gida, Baba?" in ji Yaya.

"Benen. Nan yake, daidai nan. Wa ya rushe shi?"

Ba mu gina shi ba. Mako shida muna musu kan tagogin sito, ko sau ɗaya bai faɗo mana a rai ba, domin mu a cikinsa muke, ba mu taɓa ganinsa daga tasha ba. A bakin teburin ta gefenmu babu komai, sai ramin da aka cire mariƙin ƙofa.

"Kullum in na gama jeri sai na duba," ya ce. "Hawa na uku, taga ta biyu. Ina suke?"

Ina nan durƙushe tun ɗazu, na rasa abin yi, tarago na takwas ma na manta da shi. Sai kawai na matso da gwiwa zuwa bakin teburin, na ɗora hannuwana a kai, na ɗora haɓata a kan hannu. Ban yi dabara ba, haka kawai na tsinci kaina. Yaya ya ga haka, ya saki makunni ya durƙusa kusa da ni, da furfurarsa da tumbinsa, ya yi yadda na yi.

Baba ya dube mu ta kan sito, ta kan layuka uku da taragai biyar. Ya daɗe yana duba. Sai ya ɗaga hannunsa sama a hankali, ya kaɗa sau biyu, yadda yake kaɗa tuta. Na ɗaga nawa.

"Kai babba, riƙe mata riga," ya ce. "Wutsiya, sau nawa zan gaya miki kada ki riƙa leƙowa haka? Za ki faɗo."

"To, Baba," na ce.

"Ki ce wa mamarku na kusa tashi."

Mama ta yi shekara tara da rasuwa. Yaya ya buɗe baki, na taka masa yatsa da gwiwa.

"Zan gaya mata," na ce.

Da la'asar na kawo masa shayi, ya ce, "Sannu da aiki, Malama." Na ce yawwa. Na ajiye kofin, na ɗauko almakashi da sabon kwali, na zagaya bayan teburin na tsaya inda yake tsayawa.

"Baba, benen nan da ke gaban tasha, taga nawa ne a kowane hawa?"

"Bakwai," ya ce, ko tunani bai yi ba. "Ta biyu ki bar ta a buɗe. Yarana suna nan."