Sunan Mama a Bakin Fada

Makarantar sakandare ce ta Katolika, mai majami'a ƙarama da fararen bango, da filin wasa wanda ciyawarsa ta ƙi fitowa a tsakiya. Wata Sista, cikin matan da suka ba da rayuwarsu ga hidimar coci, ita ce shugaba, mace mai tsari da ba ta ɗaga murya. Fada, limamin coci, yana zuwa daga ikilisiyar unguwa ya yi Misa, wato babbar sujadarsu, kowace Juma'a. Tsoho ne mai taushin zuciya, shi ya ɗaura auren iyayen ɗalibai da yawa. Akwai nas mai ba da maganin ciwon kai. Abin da makarantar ta daɗe ba ta da shi shi ne mutumin da yaro zai zauna gabansa ya ce zuciyarsa ta yi masa nauyi. Sai a wannan shekarar aka ɗauko mai ba da shawara, aka share mata tsohon ɗakin ajiya, aka sa kujeru biyu da labule. Ɗalibai suna kiranta Anti.

A aji huɗu akwai yarinyar da ake kira 'Yar Taga, don tun shigarta makarantar gefen taga take zama. A gidansu akwai ƙanenta ɗan firamare, da babansu direban babbar mota da yakan yi makonni a hanya, da mamansu tela. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba. Mama suka rasa, ko da yake tana cikin gidan. Tun da ta haifi jaririn da bai zo da rai ba, ta lulluɓe keken ɗinkinta da zane, ta kwanta tana fuskantar bango. Yarinyar ce ke girki da wanki, ita ke yi wa ƙanenta wanka, ita ke sallamar masu kawo ɗinki daga bakin ƙofa.

"In an tambaye ki, ki ce bayana ke ciwo," Mama ta ce mata. "Kada ki bari a ce uwarki ta haukace. Kin ji ni?"

"Na ji, Mama."

Ta riƙe maganar har ta fara barci a aji, kai a kan tebur. Malamin lissafi ya gaji da tashinta, ya tura ta wurin Anti. Zuwan farko bakin siket ɗinta kawai ta yi ta murzawa. Anti ba ta matsa mata ba. Ta zuba mata ruwa, ta ce ta dawo duk lokacin da ta ga dama. Sai da ta yi zuwa da yawa kafin maganar ta fito, a gutsuttsure, tana faɗi tana duban ƙofa.

"Anti, Mama ta ce kada kowa ya sani."

"Ba zan kai maganar ko'ina ba sai inda dole ne don a taimaka muku," in ji Anti. "Ciwon nan yana da suna, yana kuma da magani. Ba hauka ba ne."

Anti ta je gidan da yamma da wata rigarta a jaka, don maƙwabta su ɗauka gyaran ɗinki ta kawo. Ta zauna a bakin gadon Mama ta daɗe. Yarinyar tana kicin, tana jin muryoyinsu ƙasa-ƙasa, sai ta ji Mama tana kuka, abin da ba ta yi ba tun ranar da aka dawo da ita daga asibiti. Da Anti ta fito ta ce Mama ta yarda za ta ga likita ranar Litinin, da sharaɗin su uku kaɗai za su je, ba wanda zai ji.

Ranar nan yarinyar ta ci abinci har ta ƙara. Ƙanenta ya dube ta ya ce, "Yaya, ashe ke ma kina cin abinci? Na ɗauka iska kike sha."

Kowace Laraba Anti tana zama da Sista da Fada da nas su duba lamarin ɗaliban da ke cikin damuwa. Dole ta kawo maganar 'Yar Taga, don tana neman a ba yarinyar izinin Litinin, a kuma sassauta mata aikin gida. Ta yi bayani a taƙaice, ta nanata sharaɗin uwar.

"Abin da aka faɗa a ɗakin nan, a nan yake kwana," in ji Sista, ta dubi kowa.

Fada ya yi murmushi. "Sista, ni kike wa kallon nan? Asirin da ke cikin cikina ya fi tuwon da na ci tun ina yaro." Sai murmushin ya gushe. Ya cire tabarau ya share idonsa. "Ni na ɗaura aurenta. Tana ta dariya ranar har na rasa inda na tsaya a karatu. Kai, duniya."

Al'adar Fada ce a Misar Juma'a, kafin ya rufe addu'o'in jama'a, ya ambaci marasa lafiya daga iyalan makarantar ɗaya bayan ɗaya, da sunansu da ciwonsu. Ya yi imani addu'ar da ba ta kira suna ba kamar wasiƙa ce marar adireshi. Iyaye suna son haka, har aikowa suke a sa nasu.

Ranar Juma'ar ya ambaci kakan wani yaro mai shanyewar ɓarin jiki, da direban makaranta da ya karye. Sannan ya matso kusa da lasifika, ya kira sunan Mama cikakke, ya kira na 'yarta da ajinta.

"Wannan baiwar Allah, baƙin ciki ya taɓa mata tunani, ba ta iya tashi daga gado. 'Yarta ce ke riƙe da gidan. Mu roƙi Ubangiji."

"Ya Ubangiji, ka ji addu'armu," makarantar duka ta amsa.

'Yar Taga ba ta amsa ba. Ta ji benci yana ƙara, kawuna suna juyowa tun daga layin gaba. Ta kafa ido a kan takalminta har aka tashi.

A hanyar komawa aji wata ta rungume ta tana hawaye. Wani yaro daga baya ya ce, "Ashe shi ya sa take kallon taga. Ku yi hankali, ciwon nan ana gadonsa." Aka yi dariya, wata ta kai masa duka da littafi, dariyar ta ƙaru.

Anti ta sami Fada a ɗakin da yake cire rigar Misa.

"Fada, ka faɗa."

"Na faɗa wa wa, 'yata? Ban gaya wa kowa ba. Allah na gaya wa."

"Da lasifika?"

Ya tsaya da rigar a hannu. A fuskarsa ba a ga alamar gardama ba, mamaki ne kawai. "Amma addu'a ce," ya ce a hankali. "Yaya za a yi in san tana cikin wannan hali in hana ta addu'ar jama'a?"

Sista tana tsaye a ƙofa. Ita ma ta amsa tare da jama'a ɗazu, sai da ta ga fuskar yarinyar ta gane abin da ya faru. Ta ce wa Anti, "Je ki nemo ta." Amma yarinyar ta riga ta ɗauki jakarta ta tafi.

Yara suka kai labari gida. Ranar Asabar da hantsi matan ƙungiyar coci suka zo, da cazbi a hannu da kwanukan abinci, suka cika falon har wasu na zaune a hannun kujera. Mama da ta ji muryoyinsu ta tashi ta murza wa ƙofar ɗakinta makulli. Suka yi waƙa, suka yi addu'a. Shugabarsu ta je bakin ƙofar ta ƙwanƙwasa.

"Ƙanwata, buɗe mana. Wace ce a cikinmu ba ta binne ɗa ba? Ni biyu na binne, ga ni tsaye. Ki yi ƙarfin hali, mai bangaskiya ba ta kwanciya haka."

Wata ta ɗaga zanen da ke kan keken ɗinki ta leƙa, ta mayar. Wata ta ja yarinyar gefe ta tambaye ta cikin raɗa ko uwar tana magana ita kaɗai, ko ta taɓa ɗaukar wuƙa. Maƙwabta sun fito ƙofar gidajensu suna kallon takalman da suka taru a bakin nasu.

Bayan sun watse ƙanenta ya buɗe kwano ɗaya ya ce, "Yaya, gobe ma za su zo?" Ba ta kula shi ba. Can ƙofar ɗakin ta buɗe. Mama ta tsaya riƙe da marfin, gashinta a cukurkuɗe.

"Wa kika gaya wa?"

"Anti kaɗai, Mama. Wallahi Anti kaɗai."

"Ita kaɗai." Mama ta dubi kwanukan da aka jera a ƙasa. "Abu ɗaya na roƙe ki."

Ba ta yi faɗa ba. Ta koma ciki ta rufe.

Ranar Litinin da safe Anti ta zo da tasi, ta ce wa direban ya jira a bakin titi. Ta tsaya a ƙofar ɗakin tana ba da haƙuri, tana cewa likitan yana jira, ba wanda zai gan su. Mama ba ta buɗe ba. Daga ciki ta ce, "Na gode, malama. Bayana ne, kuma ya yi sauƙi." Anti ta jira har direban ya fara danna hon, sannan ta tafi.

Washegari yarinyar ta koma makaranta. Sista ta riga ta yi sanarwa cewa daga yanzu ba za a ƙara kiran sunan kowa a Misa ba sai iyalinsa sun nema da bakinsu. Anti ta kira ta ɗakinta ta zuba mata ruwa.

"Na ɗauka kowa a zaman nan ya fahimci abin da nake nufi. Ban yi tunanin addu'a ba. Ki yafe mini. Zan ci gaba da zuwa gidan, ko ba ta buɗe ba. Yaya ta kwana?"

"Lafiya lau, Anti."

"Ta ci abinci?"

"Ta ci."

Gaskiyar ita ce Mama ba ta ci ba. Anti ta dube ta, ita ma ta dubi Anti, ba ta sunkuyar da kai ba.

"Ke fa? Kina samun barci?"

"Ina samu. Anti, an buga ƙararrawa, muna da lissafi."

A baranda ta haɗu da Fada, ko da yake ba ranar zuwansa ba ce. Ya tsufa a 'yan kwanakin nan. Ya ɗora hannu a kanta, ya ce yana yi wa mamanta addu'a kullum, a zuciya yanzu. Ta ce, "Na gode, Fada," ta jira ya ɗauke hannun, ta wuce aji.

Ba ta ji haushin kowa ba, don ta san duk cikinsu babu wanda ba ya ƙaunarsu. Abin da ta fahimta shi ne masu ƙaunar mutum ma suna iya tona masa asiri, kuma in tana son Mama ta sake yarda da ita, daga yau duk wanda ya tambaya za ta ce masa bayan Mama ne ke ciwo.