Bindigar da Luka Ya Bari a Ɗane

Abu ɗaya nake gaya wa duk wanda ya kawo mini gyaran bindigar iska a rumfata ta Batsari: kada ka ajiye ta a ɗane. In ka ɗana, ka harba. Sifirin ɗin da ke cikinta, wanda ke tura iskar, naɗaɗɗen ƙarfe ne, amma yana gajiya. In ya daɗe a matse, ranar da ka sake shi ba abin da zai yi sai huci. Su ce to, su tafi, su dawo mini da ita a mace suna cewa fatar riƙe iska da na sa mata ce ba ta da kyau. Ni Yusha'u na saba, musu da masu bindiga ya fi gyaran kansa cin rai.

Ƙanena Luka bai taɓa yin wannan sakarcin ba. Mahaifinmu Gagare ya rasu a kan al'adar iyayensa, ni na musulunta na dawo gari, Luka ya bi coci ya zauna a Wagini, shi ya sa bindigar tsohon ta zama tasa. Tsohuwa ce, irin wadda ake karyawa a tsakiya a ɗana, gindinta ya yi baƙi saboda gumin hannu. Kowace damina, kafin gero ya fara ƙwaya, sai ya kawo mini ita. In kwance ta, in yanka sabuwar fata daga tsohon takalmi, in murza mata man kaɗe, in goge bututun. Tsuntsaye yake kora da ita, in ya yi sa'a ya kawo kurciya gida.

Da hantsi aka ɗauke shi, a gonarsa ta wajen dajin Ruma. Ba wanda ya gani, sai sawun babura. An tsinci bindigar kwance a tsakanin kunyoyi, a ɗane, da ƙwayar darma a ciki. Wato ya ga tsuntsu, ya ɗana, kafin ya harba suka iso. Muka yi ta jiran waya. Wasu an kira danginsu, wasu an sako su, wasu an tsinci gawarsu an binne. Luka kuwa shiru, ba kira, ba gawa.

Matarsa Godiya ta rataye bindigar a bangon ɗakinsu yadda aka tsince ta. Da na je na miƙa hannu zan sauke ta, sai ta tare ni.

"Hannunshi ya ɗana ta, Yaya. Shi zai zo shi sake ta."

Na yi mata bayanin sifirin, ta saurare ni da ladabi kamar yadda masu bindiga ke yi, ba ta kuma bar ni na taɓa ba. Na ji haushi, na kuma ji tausayinta, na koma Batsari da duka biyun.

Wata rana da bazara na kai mata dawa. Rana tsaka ce, kwanon rufi ya ɗau zafi, ina zaune a ƙofar ɗakin ina shan ruwa. Sai na ji ƙas daga bango, ƙarama, kamar an karya tsinke. Na juya. Ba kowa a ɗakin sai bindigar.

"Ka ji ko?" in ji Godiya. Ko ɗagowa ba ta yi daga tsintar wake ba. "Haka take yi."

Na san ƙarfe da itace suna motsi in zafi ya yi yawa. Na sani sarai. Amma ban iya ƙarasa ruwan ba.

Damina ta zagayo. Unguwarsu ta fara watsewa, gida bayan gida ana ɗaure kaya a kan jaki. Iyayen Godiya suka aiko daga Safana ta koma wurinsu. Dattawan coci suka ce a yi wa Luka addu'ar mamaci, kowa ya huta. Ita kuwa ta kasa tafiya ta bar mai rai ya dawo ya tarar da kango, ta kuma kasa zama a bakin daji ita kaɗai. Ta rame har ɗankwali ya yi mata yawa. Sai ta aiko in zo.

"Ka harba ta, Yaya," ta ce. "In ta fita da ƙarfinta, shina da rai, ina nan. In ta yi sanyi, na haƙura."

Raina ya ɓaci. Wane irin gwaji ne wannan, wanda na san amsarsa tun kafin a yi? Sifirin da ya shekara a matse ba ya da abin faɗa. Amma akwai wata dabara da duk mai gyara ya sani: in ka ɗiga man keken ɗinki a bayan ƙwayar darma, iskar da ta matsu takan kunna shi, bindigar ta yi tsawa da hayaƙi kamar ta gaske, ko da sifirinta ya raunana. Ɗan gwangwanin man kuwa kullum yana aljihuna.

Muka fita bayan rumbu, inda wani kututturen marke yake. Na buɗe bindigar a hankali, wai ina duba ƙwayar. Na zaro gwangwanin na ɓoye a tafin hannu. Ina son ƙanena, ba na son a yi masa addu'ar mamaci. Amma da na kalli Godiya, na kalli layin dajin da ke bayanta, sai na ga abin da ɗigo ɗaya zai jawo: wata shekarar a nan, ita da bango. Na mayar da gwangwanin aljihu ban buɗe shi ba. Na rufe bindigar, na saita kututturen, na ja kunama.

Ta yi tsawa. Gindinta ya doke ni a kafaɗa, hayaƙi shuɗi ya fito daga bututun. Kaji suka watse, matan da ke daka a maƙwabta suka tsaya cak, wata ta fara ƙwala wa 'ya'yanta kira.

"Ni ne, Yusha'u ne!" na ɗaga murya. "Bindigar iska ce, kada kowa ya gudu!"

Na je kututturen. Darmar ta nutse har ba a ganinta. Na juyo da sauri zan ce mata kin gani, sai na tarar tana kallona da wani irin sanyi, ba murna ko kaɗan.

"Na gode, Yaya," ta ce. "Luka ma haka shi kan yi in tsuntsaye sun yi yawa. Na ga gwangwanin a hannunka."

"Wallahi ban ɗiga ba, Godiya."

"Bar rantsuwa saboda ni. Tunda har kai ka ga sai da mai, ai na samu amsata."

Na fito da gwangwanin na nuna mata murfinsa a rufe. Ta yi murmushi irin na wanda ake lallashi, ta gyara zaninta, ta nufi gidan fasto.

Na tafi da bindigar rumfata na kwance ta. Na gaya wa kaina man kaɗen bara ne ya narke da zafin bazara ya taru a gaban fata, shi ya kama. Hakan na iya faruwa. Sai na zaro sifirin na mirgina shi a kan katako, yadda nake gwada kowanne. Ya mirgina sumul, ba lanƙwasa, tsawonsa cif kamar yadda na sa shi. Tunda na fara wannan sana'a ban taɓa ganin haka ba, kuma ba ni da wanda zan nuna wa ya gane.

An yi addu'ar. Na zauna a waje ƙarƙashin dalbejiya tare da 'yan'uwa musulmi, ana fitowa ana yi mini gaisuwa, ina amsawa da ka don bakina ya ƙi cewa amin. Godiya ta koma Safana, an ce ta murmure, har tana sayar da ƙuli-ƙuli. Na yi mata murna da gaske. Ni ne dai har yau in babur ya tsaya a ƙofar rumfata, sai na ajiye abin da ke hannuna tukuna, kafin in iya ɗagowa in ga ko wane ne.