Lodin Ƙarshe na Baba Tsince

"Wallahi sai dai ku ɗora har da ni!"

Da jin ihun tsohon, mai aski ya ajiye reza, ya bar kan mutum rabi a aske, ya ruga gidan maƙwabcinsa. A tsakar gida ya tarar da Baba Tsince kwance rub da ciki a kan tulin tsofaffin takardu, allurar ƙarin ruwa na maƙale a bayan hannunsa. Mutumin da ko bayan gida sai an riƙe shi, yau shi ne ya rarrafo daga ɗaki shi kaɗai. Babbar mota na tsaye a ƙofa, leburori sun yi cirko-cirko.

Sana'ar gidan ke nan tun mai aski yana saurayi. A sayi tsofaffin jaridu da littattafai da kwali, a matse su dami-dami, a tura bakin teku. Jirgin ruwa ya kai su wata ƙasa, a jiƙa a niƙa, su dawo sababbin kwalaye. Sai dai tsohon yana da ƙa'ida guda: ba damin da zai fita sai ya bi shi falle-falle, ya cire duk takardar da ke ɗauke da aya ko sunan Allah. A nan ya samo sunansa. Mai aski kansa ya sha tsokanarsa, wai ko kaza ba ta kai shi tono ba.

Da ciwo ya kwantar da shi, babban ɗansa ya karɓi harkar, shi kuwa mutum ne mai son a yi ta ta ƙare.

"Baba, don girman Allah ka tashi," in ji ɗan. "Jirgi ba ya jiran kowa. In lodin nan bai tafi ba, kamfanin da ke sayen kayanmu zai koma wurin wani. Su can ai ba su ma san abin da aka rubuta ba."

"Su ba su sani ba. Ni fa?" Tsohon ya ɗaga wani falle da ya yage daga littafin 'yan makaranta. "Wannan za a niƙa ya dawo kwalin takalmi? Ba dai daga gidana ba."

Ɗan ya juya wajen mai aski. "Kawu, kama mini mu mai da shi ɗaki."

Mai aski ya sunkuya, sai tsohon ya damƙe masa wuyan hannu. Hannun ba tsoka, ƙashi ne kawai da zazzaɓi.

"Har da kai, wanzamin banza?"

Kunya ta lulluɓe mai aski, irin wadda bai taɓa ji ba. Ya gyara riga, ya zauna daɓas a kan tulin.

"Ni bayana ke ciwo," ya ce. "Na daina ɗaukan kaya."

Direba ya gaji da danna hon, ya ce gobe zai dawo, kuma daga ita ba ƙari. Mai aski da tsohon, su biyu suka wuni suna tsincewa. Da idon tsohon ya gaza, mai aski ya riƙa karanta masa, shi kuma yana gyaɗa kai ko ya girgiza. Bayan la'asar mai aski ya ɗaga wani falle.

"Wannan fa, tsohon rigima?"

Shiru. Kan tsohon ya jingina da dami, baki a ɗan buɗe. Ko rabin tulin ba su ci ba.

Washegari da safe aka kai shi makwancinsa. Kafin a dawo, motar ta riga kowa zuwa ƙofar gida. Mai aski ya wuce masu zaman gaisuwa ya haye tulin, zuciyarsa na tafasa, a shirye yake ya yi ta da kowa. Ɗan ya biyo shi, ƙasar maƙabarta a gwiwar wandonsa, waya na kuka a hannunsa.

"Kawu, wakilin kamfani ne."

"Ce masa mai gidan bai gama ba."

Ɗan ya kalli tulin. Can sai ya cire takalmi, ya tsuguna, ya jawo takardu gabansa. Wayar da ya ajiye a kan dami ta yi ta rawa, har ta gaji ta yi shiru.