Tukunya ta Huɗu

A Tudun Wadar Gusau, zamanin En'e, babu sunan da ke sa mata zabura kamar duba-gari. Ko ɗan doka bai kai shi ba. Ɗan doka sai ka yi laifi yake nemanka, shi kuwa duba-gari laifin yake fitowa nema, da kekensa da gajeren wandonsa na kaki da dogon ludayin da yake zurawa cikin randa. Da an hango hularsa a bakin unguwa sai labari ya riga shi, daga katanga zuwa katanga: "Ya shigo!" Nan da nan ka ji tsintsiya na aiki, ana kifar da kasake, ana rufe abin da ke buɗe. Mata kuwa sun mai da wannan zumunci. Wadda ta ji ba ta gaya wa maƙwabciyarta ba, ita ce marar kirki a unguwa.

Tambaya ta tarar da al'adar, ta bi. Ɗiyar Fulani ce daga wata ruga bayan Kekun Waje, ƙasar Bungudu, aure ya kawo ta gidan Malam Mamman tela. Gidan ba-shiga ne, kowane namiji iyakarsa zaure, har shi mai hular. A jikin katangar gidan, ta waje, wata mata Ladidi ta kafa rumfar tuwo, inda direbobi da fasinjojin Tsafe da Bungudu ke cin abinci kafin lori ya tashi. Ladidin nan ba a rasa ta da surutu, amma wallahi mai kirki ce. Ita ta koya wa Tambaya zaman birni lokacin da ba ta san kowa ba. Da ta haihu kuma, Ladidi ce ta yi kwana arba'in tana dafa mata ruwan wankan jego, ba dangin iya ba na baba.

Wata Litinin ce cikin bazara, rana kamar za ta dafa mutum a tsaye. Tambaya na shanyar wanki sai ga kan Ladidi a giɓin katangar da damina ta cinye.

"Tambaya! Ke Tambaya! Karɓi nan don girman Allah, ya shigo!"

Tukunyar miyar nama ce, baƙa, mai nauyi. Tambaya ta sa tsumma ta karɓa, ta ruga ɗaki, ta tura ta ƙarƙashin gado. Garin turawa murfin ya goce, tururi ya buso mata a fuska.

Sai ta tsaya cak.

An zuba daddawa, an zuba citta da barkono kamar ba a san kuɗinsu ba, amma a ƙarƙashinsu akwai wani wari. Hancin ɗiyar makiyayi ba ya ƙarya. Ta san warin nan tun tana ƙarama: naman saniyar da ciwo ya kayar, aka yi gaggawar sa mata wuƙa, sannan ya kwana cikin zafi. Ta sha ganin mahaifinta, Baba Manu, ya sa an ja irin wannan saniya daji an bar wa angulu, mahauta na binsa suna roƙo yana kaɗa kai.

Ta mai da murfin, ta fito ta raɓe jikin katanga. Muryar duba-garin, Malam Shu'aibu, tana zuwa tar.

"Ladidi, murhu huɗu nike gani, tukunya uku."

"Ranka ya daɗe, wancan na ruwan zafi ne, na sauke na wanke kwanuka."

"Ga garwashi da ransa."

"Awo, yanzun nan na sauke."

Tambaya ta ji takunsa yana zagaya murhun. Tari ɗaya da ta yi a lokacin, ko ta ce "Malam, ga ta nan," da magana ta ƙare. Amma ina! Yaya za ta tona asirin wadda ta dafa mata ruwan jego? Ta ji ya buɗe randa ya rufe, ya ce madalla. Ta ji ƙarar hatimi, sannan ya soka takardarsa a jikin gungumen rumfa yadda ya saba yi wa duk mai tsabta, ya hau keke ya wuce.

Da Ladidi ta dawo karɓa, Tambaya ta riƙe tukunyar ba ta saki ba.

"Inna Ladidi, naman nan na ina ne?"

"Na Bawa mahauci. Bayan gari ya kawo min shekaranjiya, bai bi da shi ta kwata, mayankar hukuma, ba, shi ya sa babu tambarinsu. Shi ke nan laifinshi."

"Inna, ni kam hancina bai yarda da shi ba."

Ladidi ta tuntsure da dariya. "Ji min Bafillatana! Ke ɗiyar nan, wuta ai ba ta bar komi ba. In miya ta tafasa sau biyu, ko mi ke ciki ya mutu. Shekara goma sha nike wagga sana'a, wa na taɓa kashewa? Miƙo, mutane na jira."

Tambaya ta miƙa. Abin da ta ce a ranta, kuma shi ne ya zame mata ƙaya daga baya, bai wuce wannan ba: ai ba mu za mu ci ba.

Bayan azahar aka yi sallama a zaure. Baba Manu ne da amininsa Buba, sun kawo bijimi kasuwa sun sayar, suka biyo su ga jika. Malam Mamman ya durƙusa ya gaishe su, ya ba su wuri. Tambaya ɗiyar fari ce, saboda haka mahaifinta bai taɓa kama sunanta ba tun da aka raɗa mata shi. "Ke" yake cewa, ko ya dubi gefe ya yi magana da iska. Baffa Buba ne mai kama sunan, da ƙarfi kuwa. Shi ne ya riƙa ɗora ta a wuya yana haye rafi da ita in sun tashi ƙaura.

"Tambaya 'yar birni! Dubi kumatu! Mamman, mi kake ba ta, ɗinki ko man shanu?"

Ta kawo tuwon dawa da miyar kuka, ta malala man shanu, ta ajiye a gabansu. Ta san ba za a ci ba. Bafillace bai cin abinci a gidan suruki, ko yunwa za ta kayar da shi. Baba Manu ko kallon akushin bai yi ba.

"Mun ƙoshi," in ji shi.

Buba ya saci kallon man shanun, ya haɗiye miyau, ya ce lallai sun ƙoshi. Ruwa kawai suka sha, suka yi wa jariri addu'a, suka tashi don kar lorin Bungudu ya bar su. Hankalin Tambaya kwance. Tun da mahaifinta ya taɓa cin tuwon kasuwa a Tsafe ya yi mako yana kwance, ya rantse ya bar abincin waje, furarsa a gora ta ishe shi. Ta koma tsakar gida ta kama dakan hatsi, ba ta ji komai ba sai taɓarya.

La'asar sakaliya sai ga Ladidi a giɓin katanga, baki har kunne.

"Yau na karrama miki baƙi! Ashe tsohonki ne mai farin rawanin nan? Furarsu ta ƙare tun a kasuwa. Ya tsaya gaban rumfa yana ta kallon takarda, ya ce mi aka rubuta nan? Wani direba ya karanta mishi, duba-gari ya duba yau, komi lafiya. Sai ya ce wa abokinshi, to nan kam a ci. Da na gane shi, wallahi tsokar da ta fi girma na tsamo musu. Ɗan gajeren nan har ƙari ya nema!"

Taɓaryar ta suɓuce daga hannun Tambaya.

"Ta wace tukunya?"

"Kai, ke kam da tsoro! Sau uku ta tafasa."

Lori ya riga ya tashi. Tambaya ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gadon nan, warin bai gama fita daga ƙarƙashinsa ba. Sau biyu ta buɗe baki za ta gaya wa Malam Mamman da ya shigo daga zaure, sau biyu ta ɓige da cewa ruwan wanka na bayi. Ta yi ta cewa a ranta, wataƙila Ladidi ce ke da gaskiya, wataƙila wuta ta kashe. Ranar Talata ta ƙona tuwo, ta sa gishiri sau biyu a miya.

Ranar Laraba da hantsi Malam Mamman ya shigo ba hula. Ya ce mutum shida sun kwanta a Tsafe, amai da gudawa, huɗu a Bungudu, duk waɗanda suka hau lori ranar Litinin. Ya ce an sauko da Baba Manu asibitin Gusau, yana raye, an ce zai tashi. Sai ya sunkuyar da kai.

"Baffa Buba kam sai haƙuri. Jiya da la'asar aka rufe shi a Kekun Waje."

Tambaya ta yi kuka har muryarta ta dushe. Mata suka cika gidan suna cewa Allah sarki, ɗiya mai zumunci, dubi yadda take son aminin ubanta. Kowace kalma kamar an watsa mata barkono a ido. Rumfar Ladidi a rufe, takardar na nan a jikin gungume tana kaɗawa. Mutanen tasha kuwa suka huce a kan Malam Shu'aibu, in ya wuce sai a ce ga mai hatimin banza. Shi kuma ya dawo rumfar sau uku yana zagaya murhun nan na huɗu, ba wanda ya ce masa uffan. Ladidi ta zo giɓin katanga sau ɗaya, idanu sun kumbura, ta ce, "Ki rufa min asiri, Allah ya rufa miki." Tambaya ta juya ta shige ɗaki.

Bayan kwana biyar aka sallami Baba Manu. Ƙafafunsa ba za su ɗauki hanyar ruga ba, dole aka shimfiɗa masa a ɗakin baƙi na gidan surukinsa. Washegari da safe Tambaya ta dama kunun tsamiya ta kai masa. Ya rame, rawanin ma ya yi masa yawa. Ta ajiye kwanon za ta fita don kar ta ga cinsa, sai ya ce, "Ke, zauna."

Ya ɗauki ludayi ya sha. A gidan suruki, a gaban ɗiyar fari. Ya sha na biyu.

"Ni na kashe Buba," ya ce yana kallon bango. "Ya ce mu daure mu kai gida. Na ce a'a, ga takarda, hukuma ta duba, ni ban cin abin da ba a duba ba. Shekara hamsin yana bin maganata. Da mun ci naki, ga shi a gabanmu da man shanu, kunya ta hana. In na rufe ido sai in ga yadda ya kalli akushin nan." Ya share hawaye da gefen rawani. "Na bar wagga kunya. Daga yau in na shigo birni, abin da hannunki ya taɓa kaɗai zan ci."

To, a nan ne haƙurin Tambaya ya ƙare. Da zaginta ya yi da ta iya shiru. Amma ta zauna tana kallon tsoho yana ɗaukar kayan da ba nasa ba, yana kuma shan kununta da yarda? Ta zame daga tabarma ta durƙusa.

"Baba, ba kai ba ne. Duba-gari bai ga miyar nan ba. Tukunya huɗu ce, uku ya gani. Ta huɗun ta katanga aka miƙo, ni na karɓa. A ɗakina ta ɓuya, ƙarƙashin gado, har ya buga hatimi ya tafi. Ni kuma na mayar."

Ludayin ya tsaya tsakanin kwano da bakinsa. A waje ana jin keken ɗinkin Malam Mamman daga zaure. Baba Manu ya yi magana a hankali.

"Murfin a rufe yake?"

Ga ƙofa ya buɗe mata. Da ta ce e, da ya yarda, don so yake ya yarda.

"Ya goce, Baba."

"Kin ji warin?"

"Na ji."

"Kin gane shi?"

"Na gane."

Ya mai da ludayin cikin kwano. Ya ce mai hular nan da ake zagi a tasha yana da haƙƙi a kanta, ta sa mijinta ya kira shi zaure yau, ta maimaita masa ko ta bayan labule ne. Ta ce to. Sannan ya juyo ya dube ta ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba, kamar yadda yake duban kowa a kasuwa.

"Tambaya," ya ce.

Shekara ashirin da uku tana tunanin yadda sunanta zai fito daga bakin mahaifinta. Ba ta taɓa zaton haka ba.

"Ɗauke kwanon nan."

Ta ɗauke. Kunun da sauran ɗumi, ko rabi bai sha ba.