Kaltume Mai Tukwane da Ƙwaryar Ruwa

Shekara biyu da isowar jirgin ƙasa Zariya, Sabon Gari ya cika da baƙi, kuma kowane baƙo sai ya nemi tulu da tukunyar girki. Kaltume ta Bomo ce ta fi kowa cin wannan kasuwa. Ita ke haƙo yumɓunta, ta gina, ta gasa, sannan ta ɗaure tukwane tara cikin raga ta ɗora a kan gammo. Takan biyo ta Samaru, wadda a lokacin gonaki ne da 'yan bukkoki, ta ratsa Palladan har Sabon Gari. Ta haura hamsin, amma waɗanda ta haifa ma a bayanta suke tafiya suna haki.

'Yarta Zubaidatu, wadda ke biye da ita da nata kayan, ita ta fara lura. Ran nan an yi ruwa da safe, hanya ta yi laushi, sai ta ce, "Inna, waiwayo ki ga sahunki. Ƙafar hagu jan ta kike yi."

"Laka ce," in ji Kaltume.

"To hannun fa? Tun Bomo bai motsa ba, yana manne a jikinki. In kin zauna kuma yatsun suna ta rawa kamar mai murza zare."

Kaltume ta ce mata ta dubi gabanta kada ta fasa kayan mutane. Amma maganar ta zauna mata a rai, don ita ma ta jima tana jin jikinta ba daidai ba.

Da suka koma gida ta ɗauki ƙwarya, ta cika ta da ruwa har baki, ta ɗora a ka ba gammo. Daga inda take gini zuwa gindin tsamiyar bayan gida taku arba'in ne. Ta je lafiya lau. Wajen juyowa sai ta ji ƙafafun sun ƙi bin ta, ta yi 'yan gajerun taku biyar kafin ta juya, ruwa ya gangaro mata a wuya. Ta sauke ƙwaryar, ta tsoma ɗan yatsa. Abin da ya zube bai kai faɗin farce ba.

Tun daga ranar, kowace Juma'a sai ta sake, da ƙwarya ɗaya, a hanya ɗaya. Kafin kaka ruwan da ke zuba ya kai gaɓa guda ta yatsa.

Akwai wani mutumin Lakwaja a Sabon Gari mai suna Elias, wanda ya koyi aikin magani a hannun likitoci, yake da ɗan ɗakin duba marasa lafiya kusa da tasha. A wajen Kaltume yake sayen randa. Ran da ta kai masa wata, ta tsaya ta faɗa masa abin da ke damunta, kai tsaye, kamar tana ba da labarin wata.

Elias ya sa ta haɗa ƙafafu ta rufe ido. Ta tsaya cik. Ya sa ta tashi daga kujera ba tare da dafa komai ba, ta tashi, amma a hankali. Sai ya ce, "Inna, in kin yarda, zan sa Zubaidatu ta ja kafaɗarki ta baya, ni ina kallo. Ki tare kanki."

Zubaidatu ta ja. Kaltume ta yi baya, taku ɗaya, biyu, uku, huɗu, sai da 'yar ta rungume ta.

"Mai lafiya da taku ɗaya yake tsayawa, ko biyu," in ji Elias. "Na taɓa ganin irin wannan a Lakwaja. Ba zan ɓoye miki ba, ban san maganinsa ba, waɗanda suka koya mini ma ba su sani ba. A hankali yake tafiya."

"Sauri nawa yake yi?"

"Wannan ban da yadda zan auna."

"Ni ina da shi," in ji Kaltume. Ta sa aka ɗebo ruwa, ta nuna masa a tsakar gidansa: tafiyar, juyowar, da yatsan da take tsomawa. Ta ce masa tafiya a miƙe ba ta nuna komai, ko maras lafiya zai iya daurewa ya yi ta. Wajen juyawa ne jiki ke faɗin gaskiya. Elias ya sa ta maimaita sau uku yana tsugune yana kallon ƙafafunta, sannan ya ce, "Inna, yau ni ne ɗalibi."

Bayan wata biyu, tana zaune a kasuwa, sai ga Elias da kansa ya zo kiranta. Wani ɗan kwangila na gina ɗakunan haya a bakin Sabon Gari, kuma cikin masu yi masa rufi akwai Shekari, mutumin kudancin Zazzau, dattijo mai shiru. Sau biyu yana tangaɗi a kan tsani. Helima, wato shugaban leburori, ya ce burukutu yake sha kafin aiki, ya rantse yau zai kore shi a gaban kowa.

Da suka isa, leburori sun yi da'ira. Shekari na tsaye, fuskarsa a sandare ba motsi, helima kuwa yana cewa, "Ku dube shi, ko kunya ba ya ji."

Elias ya ce ya duba shi, ba giya ba ce. Helima ya yi dariya ya ce ai Elias ɗan'uwan Shekari ne a addini, dole ya kare shi.

Kaltume ta ratsa ta shiga tsakiya. "Ni fa? Ni ma 'yar'uwarsa ce a addini? A ba ni ƙwarya."

Aka cika, ta ɗora wa Shekari a ka. Ta ce, "Malam, je ka har bakin tulin ƙasar can ka dawo." Ta juya wajen helima. "Kai ka san mashayi ya fi ni sani. Mashayi buɗe ƙafa yake yi, yana karkata dama da hagu, ruwan zai ƙare kafin ya yi taku goma. To zuba ido."

Shekari ya tafi a miƙe kamar an ja zare, da gajerun taku, hannun dama a manne. Ko ɗigo bai zuba ba. Wajen juyowa ƙafafun suka maƙale, ya yi ta dabur-dabur a wuri ɗaya, ruwa ya fantsamo.

Kaltume ta karɓi ƙwaryar, ta sa aka sake cikawa, ta ɗora a nata kan. Duk Sabon Gari an san ta da tafiya, ba wanda ya san halin da take ciki in ban da 'yarta da Elias. Ta je, ta juyo, ruwa ya jiƙa mata mayafi a gaban maza fiye da ashirin.

"Ni ma burukutun na sha?" in ji ta.

Helima ya sosa ƙeya ya ce, "Allah ya huci zuciyarki, Inna."

"Ba ni za ka ba haƙuri ba. Hannunsa na aiki, idonsa na gani. Tsani ne kawai ba nasa ba yanzu. Ba ku da aikin ƙasa?"

Aka mayar da Shekari wajen yanka itace da feƙe shi. A hanyar gida Zubaidatu ta ce, "Inna, kin tona wa kanki asiri. Gobe kowa zai ji."

"Su ji. Ciwo ne, ba sata ba."

Da damina ta zagayo Kaltume da kanta ta sanar cewa ta daina ɗaukar kaya. Ba wanda ya ce ta bari. Ta ci gaba da gini a gida, don da zarar ta kama yumɓu rawar hannun takan lafa, Zubaidatu kuma ta riƙa kaiwa kasuwa.

Wata Lahadi da hantsi sai ga Shekari a Bomo, ya ɗauko dogayen gora shida da sanduna a kafaɗa tun daga Sabon Gari. Ya gaishe ta, ya sha ruwa, ya kakkafa sanduna daga ƙofar ɗakinta har wurin gininta, ya ɗaura gorar a kai daidai ƙugu yadda za ta riƙa dafawa. Kaltume ta bi ta girgiza kowace sanda. Ta uku ta motsa.

"Wannan sake ta," in ji ta.

Shekari ya yi dariya, ya tsuguna a hankali, ya fara tono.