Zazzaɓin Tekun Kijambani

A duk tsibirin Pemba babu wanda ya kai Mzee Shaame Vuai son doka, musamman idan shi ya kafa ta. Shi ne shugaban kwamitin masunta na ƙauyen Kijambani, kuma shi ya tsaya kai da fata sai da aka rufe duwatsun murjanin da ke gaban ƙauyen har wata uku, don pweza su samu su yi ƙiba. Pweza dai ita ce halittar nan mai hannu takwas da ke laɓewa a ramukan dutse, wadda mutanen garin ke ci, su sayar da saura su ɗinka kayan Sallah. Hukuncin ma da bakinsa ya yanke: duk wanda ya taka wurin kafin wa'adi, ranar buɗewa zai zauna a bakin gaɓa yana kallo kowa na cika kwando.

Shekara sittin da 'yan kai yana duniya ba a taɓa nuna shi da yatsa ba. Wannan sunan shi ne dukiyarsa, don bayan shi ba shi da komai sai tsohon kwalekwale da Bi Mwatima, matarsa.

To, amma kwaɗayi mabuɗin wahala. Wata Laraba, ana saura wata guda a buɗe, garin duk ya tafi biki ƙauyen da ke maƙwabtaka, Mzee Shaame ya ce ƙafarsa na ciwo. Da rana ta take, ruwa ya janye, duwatsu suka fito fili. Ya ce bari ya je ya duba ko wani marar tsoron Allah ya shiga. Bai ga kowa ba. Abin da ya gani hannu ne guda, mai kaurin damtsen yaro, ya leƙo daga rami yana lilo a hankali kamar yana kiransa.

Ya yi a'uziyya sau uku. Kafin ta huɗu, pweza na cikin kwandonsa, ya rufe da ganyen kwakwa yana sauri.

Sai da ya isa gida ya ga ba ita kaɗai ya ɗauko ba. Ta ƙanƙame wani ɗan abu baƙi, bai fi akwatin ashana ba, da suna a jikinsa: Dakta Mwajuma Khatibu. Mwajuma ɗiyar ƙanwarsa ce, a hannunsa ta koyi iyo, yanzu ta zama masaniyar rayuwar teku a birni. Ita ta zo ta ɗaɗɗaura irin waɗannan abubuwa a jikin murjani, ta ce zafin ruwa suke aunawa, don idan ruwa ya cika zafi murjani kan yi fari fat ya mutu, kifi da pweza su rasa gida.

Ya mayar yau? Mutane sun fara dawowa. Ya jefar? Kayan ɗiyarsa ne, ba zai iya ba. Ya cusa shi cikin rufin ɗakin girki, daidai saman murhu, inda hayaƙi ke hana kowa ɗaga kai.

"Wannan fa daga ina?" in ji Bi Mwatima da ta ga pweza.

"Wani aboki ne ya kawo daga ƙetare."

"Abokin nan ya iya zaɓe," ta ce, ta ɗauko kwakwa ta hau kankara. Ya ci, amma wallahi bai ji daɗinta ba.

Kwana tara abin na rufi, kwana tara Mzee Shaame na zama a ƙofar ɗakin girki yana yi wa matarsa hira, abin da bai taɓa yi ba tun aurensu. Ranar Juma'a ya samu sarari, ya fita sintiri a kwalekwale, ya nutsa ya ɗaure abin a inda ya ɗauko shi da igiyar ɓawon kwakwa, ɗauri mai kyau. Ya dawo yana jin kamar an sauke masa buhun gishiri.

Ana jibi buɗewa Mwajuma ta sauka. Ta yi wuni guda tana nutso, ta kwaso kayanta, washegari aka taru ƙarƙashin mangwaron makaranta don a ji sakamako. Mzee Shaame na kan kujerar gaba, hula a karkace. Ta gaishe da manya, ta manna wata ƙatuwar takarda a bango mai zanen layuka.

"Iyayena, na'urori goma sha biyu na sa. Kowace tana rubuta zafin wurin da take, sa'a bayan sa'a, da rana da kwanan wata."

Sa'a bayan sa'a! Wannan ne ba wanda ya taɓa gaya masa. Ya gyara zama.

"Goma sha ɗaya sun ce ruwanmu ya ɗan ɗumama, amma murjani na jurewa. Ta goma sha biyun ce ta hana ni sukuni." Ta nuna wani layi da ya yi tsalle sama kamar haƙoran zarto. "Kwana tara a jere, teku ya yi zazzaɓin da ban taɓa gani a littafi ba. Sau uku a yini. Da safe kaɗan, da azahar sosai, da yamma kuma ya sake tashi."

"Subhanallahi!" in ji liman.

"Abin mamakin, ranar Litinin da Alhamis ba ya tashi da rana. Sai gab da magariba."

Pandu mai gyaran raga, wanda bakinsa ba ya da linzami, ya ce, "Ikon Allah! Ashe tekun namu azumin nafila yake yi!"

Aka kwashe da dariya. Mutum biyu ne ba su yi ba. Mzee Shaame ya ƙura wa yatsun ƙafarsa ido, Bi Mwatima kuma daga cikin mata ta ƙura wa ƙeyarsa nata, har yana jin zafinsa. Shekara talatin ke nan ba ta hura wutar rana Litinin da Alhamis.

Mwajuma ba ta dubi kawunta ba ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi komai tayar masa da hankali.

"Ni dai ba na rubuta abin da na ga dama, abin da na'ura ta ce nake rubutawa," ta ce. "Idan wannan zafin a cikin ruwa aka yi shi, murjanin wurin na gab da mutuwa, ko takun ƙafa ɗaya ba zai jure ba. Dole in ba kwamiti shawara kada a buɗe gobe. A ƙara shekara guda."

Wurin ya kaure. Wata tsohuwa ta ɗora hannu a ka tana cewa jikokinta shida, da me za ta yi musu Sallah? Pandu ya daina dariya. Mata suka fara lissafa abin da suka haƙura da shi wata uku.

"Sai dai fa," Mwajuma ta ɗaga murya, "idan akwai wanda ya san na'urar ta yi yawo. Shugaba, kai ne babba. Me ka gani?"

Mzee Shaame ya so ƙasa ta tsage ya shige. In ya yi shiru, sunansa na nan fes, gari ya kwana da yunwa. In ya buɗe baki, shekara sittin ta tafi a kan pweza guda wadda ko daɗinta bai ji ba. Ya dubi tsohuwar nan mai jikoki shida. Ya miƙe.

"Jama'a, teku lafiyarsa ƙalau. Murhun Mwatima ne."

Jama'a suka dubi juna.

"Murhun wa?" in ji liman.

"Na gidana, malam. Abin a rufin ɗakin girkina ya kwana tara. Ranar bikin nan na shiga duba wurin, sai wata pweza ta..."

"Ta kama ka?" in ji Pandu.

"Na kama ta."

"Abokin ƙetare!" Bi Mwatima ta miƙe tana tafa hannu. "Ni na ce, yaushe mutumin nan ya fara sona haka, kullum yana ƙofar kicin? Ashe rufi yake gadi!"

Dariyar da aka yi ranar har awaki sai da suka watse. Mzee Shaame ya tsaya ya shanye ta duka, sannan ya cire hula ya ce ya ajiye shugabanci.

"Ina! Ba ka isa ba," in ji Pandu yana share hawaye. "Ka sauka mu naɗa wa? Wanda zai ci bai faɗa ba? Zauna abinka, Mzee. Amma doka dai tana nan."

Da aka watse, Mwajuma ta zo ta durƙusa gabansa.

"Kawu, ka yafe mini."

"Ja'ira. Tun yaushe kika sani?"

"Tun a ƙarƙashin ruwa. Ni da roba na ɗaure. Na tarar da igiyar kwakwa, da irin ɗaurin da ka koya mini ina shekara bakwai."

"To da ban tashi ba fa? Da gaske za ki rufe shekara?"

"Ban yi tunanin wannan ba, Kawu. Na san za ka tashi."

Ya miƙa hannu ya ɗago ta.

Washegari da hantsi ruwa ya janye, garin duk ya jeru a bakin gaɓa da sanduna da kwanduna. Shugaba ne ke busa ƙahon buɗewa, don haka shi ya busa. Aka kwasa a guje, har tsofaffi, shi kuwa ya koma gindin kwakwa ya zauna. Pandu ya dawo da baya ya ajiye silifas ɗinsa a gabansa.

"Tunda kana nan, Shugaba."

Na bayansa ya gani ya ajiye nasa. Kafin ka ce kwabo, takalman Kijambani duka sun taru a gabansa tsibi guda. Ya ji kunya ƙwarai, har ƙwalla ta cika masa ido. Can ya lura babu wanda ya waiwayo ya duba nasa, kowa ya ajiye ya juya ya shiga ruwa hankali kwance. Sai ya goge ido da hannun riga, ya jawo tsibin, ya fara haɗa su ƙafa da ƙafa.